Itace a Tukunya: Shayar da Bonsai da Ciyar da Shi a Ƙasar Hunturu

Duk wanda ya bi sunayen unguwanninmu zai gane cewa Bahaushe ya daɗe da sanya itace cikin lissafin zamansa. A birnin Zazzau akwai Rimin Doko da Rimin Tsiwa, a Kano kuma ga Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Kukar Bulukiya. Sunaye ba sa mutuwa, amma inuwar da ta haifar da irinsu kullum raguwa take yi. A Tudun Wadan Zariya, kamar sauran unguwannin da jama'a suka yi wa yawa, da zarar an raba gidan gado sai tsakar gida ta zama ɗakunan haya, bakin titi ya zama shaguna, ɗan abin da ya rage kuma a malale shi da siminti. Mangwaro da gwaba da darbejiyar da kakanni suka dasa su ne farkon abin da gatari yake taɓawa.

A cikin wannan ƙuncin ne wata sha'awa ta fara ɓullowa a tsakanin ɗalibai da ma'aikata da matan gida masu leƙa YouTube da Instagram, wato renon ƙaramin itace a tukunya, abin da duniya ta sani da suna bonsai. Sha'awa ce mai kyau, amma tana tafe da asara. Mutum ya kashe kuɗinsa wurin masu sayar da furanni, ya ajiye itacen a falo, kafin wata uku ganye ya yi rawaya ya zube, sai ya yanke hukunci cewa abin ba na ƙasarmu ba ne. Alhali laifin yawanci ba na itacen ba ne. Ruwa da taki ne suke kashe shi, ko dai don an hana shi, ko kuma, wanda ya fi yawa, don an cika masa. Shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta su ne don mazauna Landan ko Tokyo, mutanen da ba su san hunturu ba, ba su kuma taɓa sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ba.

Asalin abin

Kalmar bonsai ta Japananci ce, ma'anarta kuwa shuka a cikin faranti ko kasko. Amma tushen sana'ar daga Sin yake. A kabarin Yarima Zhang Huai na daular Tang, wanda aka gina a shekarar 706, an tarar da zanen bango na barori ɗauke da ƙananan tsirrai da duwatsu a cikin kasake. Daga can al'adar ta ƙetara zuwa Japan, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana tace ta. Abin lura shi ne bonsai ba wani jinsin itace ba ne na daban, ba kuma magani ake ba shi ya tsumbure ba. Itace ne kamar kowane, wanda in an dasa shi a fili zai yi girman danginsa. Ana tsare shi ne ta hanyar rage rassa, da datse saiwa lokaci-lokaci, da taƙaita masa ƙasa. Karin maganarmu ta riga ta faɗi rabin sana'ar: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauran rabin kuwa shayarwa ce. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu renon bonsai sun bar birnin suka kafa ƙauyensu a Omiya a 1925, kuma cikin abin da ya ja su can har da ruwa mai kyau da iska mai tsabta. A birnin Washinton na Amurka akwai wani itacen fayin da aka fara reno tun 1625. Yana gidan iyalan Yamaki a Hiroshima sa'ad da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, ya tsira, sannan Masaru Yamaki ya ba da shi kyauta ga Amurka a 1976. Mutane suna mamakin tsirarsa daga bam. Abin da ya fi ban mamaki shi ne shekara ɗari huɗu ke nan ana samun wanda zai duba tukunyarsa, ba a taɓa barinta ta bushe har itacen ya mutu ba.

Wai itacen cikin ɗaki

Babu itacen da aka halitta don zaman ɗaki. Turawa ne suka ƙirƙiro wannan laƙabi, saboda itatuwan ƙasashe masu zafi ba sa jure ƙanƙarar lokacin sanyinsu, dole su shigar da su ciki. Mu a Zariya ba mu da wannan larura. Abin da ɗaki yake hana itace shi ne haske, haske kuwa shi ne ainihin abincinsa, domin da shi ne ganye yake haɗa ruwa da iskar kabon ya samar da sukarin da itacen yake rayuwa da shi. Itacen da ke lungun falo ba ya shan ruwa sosai, tukunyarsa takan daɗe a jiƙe, daga nan ruɓewar saiwa take farawa. Saboda haka mazauninsa na gaskiya shi ne baranda, ko bakin tagar da ranar safe take shiga, ko gefen tsakar gida. In ana son ƙawata falo da shi don baƙi, a shigo da shi kwana biyu ko uku, a mayar. A kuma nisanta shi da bakin na'urar sanyaya ɗaki da saitin fanka, don duka biyun busar da ganye suke yi.

Zaɓen itace ma rabin nasara ne. Itatuwan ƙasashen sanyi da ake gani a hotuna suna buƙatar watannin sanyi mai tsanani don su huta, Zariya kuwa ba za ta ba su wannan ba. Namu na gida sun fi dacewa. Dangin ɓaure, wato ceɗiya da durumi da gamji, suna kamawa daga reshe, suna jure datsa, sun kuma fi sauran haƙuri da ƙarancin haske. Tsamiya tana da ƙananan ganye tun asali, abin da masu wannan sana'a suke shekaru suna nema. Kuka tana tsirowa daga ƙwallonta, ta yi kauri tun tana ƙarama, kuma masu bonsai a Afirka ta Kudu sun daɗe suna alfahari da ita. Sai kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda mutanen Tailan da Taiwan suka mayar babbar kasuwa alhali a dajinmu take fitowa. Mai son kariya ya sani cewa ruwan jikinta guba ne, har dafin kibiya an yi da shi, don haka a nisanta ta da yara da awaki.

Shayarwa

Tambayar da kowa yake fara yi ita ce, sau nawa zan ba shi ruwa? Amsar gaskiya ita ce kalanda ba ta shayar da itace. Ƙasar tukunya ake tambaya. A nutsa yatsa har gaɓar farko, in an ji danshi a dakata, in an ji ta fara bushewa a shayar. Wanda ba ya son ɓata yatsa ya soka tsinken tsire a ƙasar, ya bar shi 'yan mintoci, ya zaro ya duba. Ɗaga tukunyar ma yana faɗin gaskiya, domin hannu yakan saba da nauyinta a jiƙe da kuma a bushe.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne saiwa tana numfashi. Tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa kamar yadda take buƙatar ruwa. In ruwa ya cike waɗannan kafofi kwana da kwanaki, ƙananan saiwoyi sukan shaƙe su ruɓe. Abin da yake ruɗar mutane shi ne itacen da saiwarsa ta ruɓe yana yaushi kamar mai jin ƙishirwa, tunda ba shi da abin zuƙar ruwan. Mai shi ya ga yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Ga yadda za a bambance: in ganye ya yi yaushi ƙasa tana a bushe, ƙishirwa ce, in ya yi yaushi ko rawaya ƙasa tana a jiƙe, musamman in tana wari, ruwa ne ya yi yawa.

In an tashi shayarwa kuma a shayar da gaske. Yayyafi a sama ba ya kaiwa gindin tukunya. A zuba a hankali da buta, a zagaye ko'ina, a dakata kaɗan, a sake zubawa har ruwa ya fito ta hujin ƙasa. Tukunyar da ba ta da huji ba ta renon itace, komai kyanta. In ƙasar ta bushe ƙarau har ruwa yana bin gefe yana zurarewa, a tsoma tukunyar cikin baho na kamar minti goma har kumfar iska ta daina fitowa. Kada kuma a bar ruwa kwance a farantin da ke ƙarƙashinta. Banda cutar da saiwa, ruwan da ya kwana bakwai a wuri ɗaya ya ishi sauro ƙyanƙyasa, ba ma son sha'awar itace ta kawo zazzaɓi gida.

Yanayin Zariya yana tilasta wa mai reno ya canza hannu sau huɗu a shekara. Ruwan saman da yake sauka a yankin, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. Da damina, musamman lokacin marka a watan Agusta, haɗarin shi ne yawan ruwa. A ɗora tukunya kan bulo don ta tsane, kuka da kariya kuma a janye su ƙarƙashin rufi in ruwa ya ƙi ɗaukewa. Da kaka a fara lura, don ƙasa ta soma saurin bushewa. Da hunturu akwai yaudara: gari da sanyi, mutum ya ɗauka itace ba ya jin ƙishi, alhali busasshiyar iskar tana zuƙe danshi daga ganye da tukunya fiye da yadda ake zato. Ceɗiya da durumi suna son dubawa kowace safiya a wannan lokaci, a kuma riƙa wanke musu ƙurar da take toshe kafofin ganye. Da bazara, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, ƙaramar tukunya tana iya neman ruwa safe da yamma, kuma a ɗauke ta daga kan simintin da rana ta gasa.

Amma ba duk itace ake wa sha ɗaya ba. Kuka da kariya sukan zubar da ganye da rani su shiga hutu, suna rayuwa da ruwan da suka tara a jikinsu. Wanda ya ga kukarsa tsirara a watan Janairu ya dinga ɗura mata ruwa don tausayi, ruɓar da ita zai yi. A bar ta kusan a bushe har ta fara toho da kanta. Manomi ya san gawo yana yin akasin haka, ya kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Kowane itace da al'adarsa, mai reno kuma ita zai bi.

Wane ruwa, wace ƙasa?

A Tudun Wada batun ruwa ba wasa ba ne. Famfo yakan zo yakan ɗauke, gidaje da yawa sun dogara da rijiya da burtsatse da kurar 'yan ga-ruwa. Ruwan sama shi ne mafi kyau ga itacen tukunya, don haka a tari na indararo, bayan an bar na farko ya wanke ƙurar kwano, a ajiye a rufe. Ruwan famfo ba laifi. In yana warin sinadarin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan rijiya mai zartsi kuwa yakan bar farin gishiri a bakin tukunya da saman ƙasa, in ya taru ya ƙona bakin ganye. Maganinsa shi ne a riƙa shayarwa har ruwa ya zurare sosai, lokaci-lokaci kuma a wanke ƙasar da ruwan sama. Ruwan alwalar da aka tara a kwano mai tsabta ya dace, haka ruwan wankin shinkafa ko gero in babu gishiri. Ruwan wanki da na wanke-wanke, mai sabulu da maiƙo, a kai shi kwata.

Yawan shayarwa ba ya rabuwa da irin ƙasar da ke tukunya. Baƙar ƙasar juji ko lakar fadama da ake sayar da dashe a cikinta takan daskare kamar bulo in ta bushe, ta zama taɓo in ta jiƙe. Mutanen Japan suna amfani da wani dunƙulallen jan yumɓu da suke kira akadama. Ba sai mun yi odarsa ba. Tsakuwar marmara da aka tankaɗe aka wanke, da fasassun jan bulo ko katangar tukunya da aka daddaka kamar girman wake, da yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, da ɗan gawayi, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, sun isa su ba saiwa ruwa da iska tare. A tankaɗe garin a zubar, don shi ne yake toshe kafofi.

Tukunyar ma maginanmu suna iya yinta. Tukunyar ƙasa tana yin gumi, gumin kuma yana sanyaya saiwa, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Wannan ilimin ne Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yi amfani da shi wajen haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai bonsai zai iya aron dabarar da bazara: ya zaunar da ƙaramar tukunyarsa cikin babban kasko mai damshin yashi. Sai dai tukunyar ƙasa ta fi ta roba saurin bushewa, a riƙa tunawa da haka.

Ciyarwa

A ƙarni na 17 wani masani ɗan ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya dasa ɗan itace mai nauyin kusan kilo 2 a tukunyar da ya auna ƙasarta, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, itacen ya haura kilo 75, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Ya ɗauka ruwa kaɗai ne ya gina itacen. Daga baya aka gano rabon iska da haske. Darasin da ya rage mana shi ne abin da itace yake ɗauka daga ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Taki kamar gishiri yake a miya, rashinsa lami, yawansa ɓarna.

Duk da haka tukunya ba gona ba ce. Ƙasarta 'yar kaɗan ce, kowace shayarwa kuma tana wanke wani abu, don haka dole a riƙa mayarwa. Lambobin da ke jikin buhun takin zamani, kamar 15-15-15, suna nuna kason sinadarai uku cikin ɗari: naitirojin mai kawo ganye, fosfaras mai taimakon saiwa da fure, da fotasiyam mai ƙarfafa jiki gaba ɗaya. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce zalla. A gonar masara alheri ce, a ƙaramar tukunya wuta ce. Takin zamani gishiri ne a ma'anar kimiyya, in ya yi yawa a gindin saiwa sai ya janye ruwa daga cikinta maimakon ta sha, kamar yadda gishiri yake tsotse ruwan ɗanyen nama. In ma bai kashe ba, yakan sa dogayen rassa da faffaɗan ganye, ya ɓata siffar da aka yi shekaru ana gyarawa.

In za a yi amfani da 15-15-15, a narkar da abin da bai wuce rabin ƙaramin cokalin shayi ba a lita biyu na ruwa, a ba itacen bayan an riga an shayar da shi, sau ɗaya a mako biyu ko uku. Takin gargajiya ya fi sauƙin haɗari. Kashin awaki da tumaki da ya bushe ya ruɓe, a jera 'yan ƙwayoyi a gefen tukunya, kowace shayarwa ta narkar da kaɗan. Kashin kaji yana da zafi, sai ya shekara ko ya ruɓe sarai. Masu bonsai a Japan suna dunƙula tunkuzar da ta rage bayan an tatse man wani iri, su ɗora a kan ƙasa. Tunkuzar gyaɗarmu tana yin wannan aiki, muddin ba a sa mata gishiri ba, kuma a yi hattara da ɓera da tururuwa. Tokar murhu tana da fotasiyam, amma tana da kanwa-kanwa, in ta yi yawa sabon ganye yakan yi rawaya jijiyoyinsa su rage kore, alamar itacen ya kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa.

Ƙa'idoji uku ba sa canzawa. Ana ciyar da itace ne sa'ad da yake toho, wato daga farkon damina zuwa kaka, a rage ko a daina lokacin hutunsa. Ba a ba busasshiyar ƙasa taki. Ba a kuma ba itacen da yake ciwo, ko wanda aka datse wa saiwa aka sauya wa tukunya, sai ya yi kamar wata guda ya murmure. Taki ba magani ba ne.

Me ya kai mu wannan magana?

Wani zai ce, a garin da ake sayen ruwan sha da jarka, ina amfanin shayar da itacen da ba ya ba da inuwa ba ya ba da 'ya'ya? Tambaya ce mai nauyi, amma lissafi bai goyi bayanta ba, domin abin da ya rage a buta bayan alwala ya ishi ƙaramar tukunya. Wani kuma zai ce zalunci ne a tauye halitta. Mai lambun da yake datse mangwaro yana yi masa aure ba azzalumi ba ne, kuma itacen da ya kai shekara ɗari huɗu a kasko ba za a ce an cuce shi ba.

Amfanin da ya fi girma yana wani wuri. Mu mutane ne da suka iya bikin dashen itatuwa. Kowace damina manya suna fitowa da shebur da 'yan jarida, a dasa, a yi hoto, a watse. Zuwa bazara a je a duba abin da ya rage. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, jihohi 11 na arewacin Nijeriya suna ciki, kuma duk wanda ya san aikin ya san dashe shi ne mai sauƙi, reno ne mai wuya. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma sun dawo da itatuwa a miliyoyin hektoci ta hanyar sassaben zamani, wato su zaɓi tohon da ya fito daga kututture, su rage sauran, su kare shi daga dabba da gatari. Ba dashe ya yi aikin ba, kulawa ce. Abin da bonsai yake koyarwa ke nan a ƙaramin ma'auni. Yaron da ya raini tsamiya a tukunya shekara uku, ya san ƙishirwarta da hutunta, da wuya ya girma ya ga itacen bakin titi a matsayin makamashi kawai.

Zariya kuwa ba ta da uzuri. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, da tashar binciken itatuwan savana. Ɗan littafi da Hausa kan renon itatuwanmu a tukunya, wanda ya bi bazara da damina da kaka da hunturu, bai fi ƙarfinsu ba. Makarantun Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu suna iya ba kowane aji tukunya ɗaya da ƙwallon kuka ɗaya, a danƙa wa ɗalibai amanarta har su gama. Masu sayar da furanni su riƙa faɗa wa mai saye sunan itace da halinsa, maginan tukwane kuma su samu sabuwar kasuwa.

Wanda yake son farawa kada ya jira tsadadden itace daga waje. Da faɗuwar ruwan bana ya yanko reshen ceɗiya mai kaurin yatsa, ya samu kasko mai huji, ya haɗa tsakuwa da yashi, ya kafa. Daga nan sai dubawa kowace safiya, da haƙuri, wanda Bahaushe ya ce mai shi yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Allah Ya sa mu zama masu reno, ba masu dashe kaɗai ba.